Wanda Ba Zai Iya Ajiye Aiki Ba, Guminsa Ba Nasa Ba Ne

Tun da bidiyon muhawarar ɗaliban nan ya fara yawo raina yake a ɓace. Ɗaliban ba su yi mini laifi ba. Wanda ya ɓata mini rai shi ne malamin da ya rufe taron da cewa wai a ƙarƙashin tsarin gurguzu ne kaɗai ma'aikaci ya taɓa mallakar guminsa, sauran ma'aikatan duniya kuwa bayi ne da ake sallama da albashi a ƙarshen wata. Kun dai ji irin tafin da aka yi masa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne matasa masu kyakkyawar niyya, waɗanda zaluncin da suke gani a wuraren aiki ya dame su da gaske, su ne za su riƙe ta a matsayin ilimi.

Ma'aunina a wannan batu ɗaya ne, kuma ba zan sauya shi don wani ya ji daɗi ba. Abin da mutum ya mallaka shi ne abin da yake da ikon hanawa. Idan ma'aikaci ba zai iya cewa daga yau na ajiye aikin nan ba, idan ba zai iya tattara kayansa ya tafi wani gari neman wani aiki ba, idan ba zai iya haɗa kai da 'yan'uwansa su shiga yajin aiki ba tare da an turo musu sojoji ba, to guminsa ba nasa ba ne, ko da an rubuta a kundin tsarin mulki cewa masana'antar mallakarsa ce. Da wannan ma'auni nake so a auna tsarukan biyu, wato gurguzu da jari-hujja.

A ɗauki Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce uwa ga duk gwamnatocin kwaminisanci da suka biyo baya. A ƙarshen 1938 aka fito da littafin aiki, wanda kowane ma'aikaci dole ya kasance da shi, kuma a hannun shugabannin ma'aikata yake zama, ana rubuta dalilin barinsa duk inda ya taɓa yin aiki. Ranar 26 ga Yuni, 1940, gwamnatin Stalin ta zartar da dokar da ta mayar da barin aiki ba tare da izinin shugaba ba laifin da ake ɗaure mutum a kansa wata biyu zuwa huɗu. Makarar da ta wuce minti 20 ana lissafa ta a matsayin fashin aiki, hukuncinta kuwa yana kaiwa wata shida na aikin horo tare da yanke har kashi 25 cikin ɗari na albashi. Miliyoyin mutane aka gurfanar a kotu ƙarƙashin wannan doka, kuma sai 1956 aka soke ta. Ina roƙon duk wanda ya tafa wa malamin nan ya tsaya ya yi tunani a kan wannan. Mutumin da alƙali zai ɗaure don ya ce ya gaji da wata masana'anta, ta wace fuska ce ya mallaki guminsa?

Halin manoma ya fi haka muni. A 1932 aka kafa tsarin fasfo na cikin gida, wanda ba a zama a birni sai da shi, kuma aka hana shi ga manoman gonakin gandu na gwamnati. Ma'anar haka ita ce an ɗaure manomi a ƙauyen da aka haife shi, ba zai bar shi ba sai da amincewar hukuma. Sai a 1974 aka yanke shawarar ba su fasfo kamar kowa. A 1961 kuma aka yi dokar hukunta waɗanda gwamnati ta kira cima-zaune, wato duk baligin da ba ya cikin aikin da hukuma ta amince da shi. Ashe ba hanyar barin aiki kaɗai aka toshe ba, har da hanyar zama ba tare da yi wa gwamnati aiki ba.

Wurin da nake so in daɗe a kansa shi ne yajin aiki, domin nan ne gaskiyar tsarin ta fito fili. A watan Yunin 1953 magina a Berlin ta Gabas suka ajiye kayan aiki saboda an ƙara musu yawan aikin da ake buƙata da kashi 10 cikin ɗari ba tare da ƙarin albashi ba, tarzoma ta bazu a faɗin Jamus ta Gabas, aka murƙushe ta da tankokin yaƙin Sobiyet. A watan Yunin 1962 ma'aikatan masana'antar kawunan jiragen ƙasa a garin Novocherkassk na Tarayyar Sobiyet suka yi yaji saboda an rage musu kuɗin aiki a daidai lokacin da aka ƙara farashin abinci, sojoji suka buɗe musu wuta suka kashe fiye da mutum 20, aka yanke wa bakwai hukuncin kisa, aka kuma ɓoye labarin shekaru da yawa. A watan Agustan 1980 ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a Poland suka tashi ƙarƙashin jagorancin Lech Walesa, wanda shi kansa ma'aikacin lantarki ne, kuma buƙatarsu ta farko ita ce ƙungiyar ƙwadago wadda ba ta ƙarƙashin jam'iyyar kwaminisanci mai mulki. Kusan mutum miliyan 10 suka shiga ƙungiyar, sai gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata ta kafa dokar soja a watan Disamban 1981 ta kama shugabanninta. Duk waɗannan mutane leburori ne, babu ɗan jari-hujja ko ɗaya a cikinsu. Dalilin da ya sa hakan ya riƙa maimaita kansa a bayyane yake: inda gwamnati ce kaɗai mai ba da aiki, kuma ita ce mai 'yan sanda, mai kotu, mai jarida, mai ƙungiyar ƙwadago, duk wanda ya saɓa wa ubangidansa a wurin aiki ya zama mai cin amanar ƙasa.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce an samar da ilimi da magani kyauta, an kuma kawar da rashin aikin yi. Ban musa ba, an yi ƙoƙari sosai wajen yaƙi da jahilci, amma ba wannan ake tambaya ba, tambayar ita ce wa ke da ikon cewa a'a. Za a ce abin da aka yi ba shi ne gurguzu na asali ba. Wannan ba zan ɓata lokaci a kansa ba, domin tsarin mulki ana auna shi ne da abin da ya aikata lokacin da ya sami iko. Fiye da mutum miliyan biyu da rabi ne suka bar Jamus ta Gabas tsakanin 1949 da 1961, da yawansu matasa ne masu sana'a, shi ya sa aka gina katangar Berlin a watan Agustan 1961, aka kuma kashe aƙalla mutum 140 a gindinta ko a dalilinta.

Kada wani ya ɗauka ina wanke jari-hujja. Idan aka ce tarihinsa kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi, ba a yi masa ƙazafi ba. A Birtaniya, har zuwa 1875 ana iya ɗaure ma'aikacin da ya karya yarjejeniyar aiki, alhali ubangidan da ya karya tasa diyya kawai yake biya. Sai a 1819 doka ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara tara aiki a masaƙun auduga, a 1833 kuma aka faɗaɗa haramcin zuwa yawancin sauran masaƙu. A watan Maris na 1911 gobara ta kashe ma'aikata 146 a wata masana'antar ɗinki a birnin New York, yawancinsu 'yan mata, saboda masu kamfanin sun kulle ƙofofi. A watan Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ya hallaka mutum fiye da 1,100 waɗanda aka tilasta wa shiga aiki bayan an ga bango ya tsage. Kuma na yarda da zuciya ɗaya cewa wanda yunwa ke jira a gida, 'yancinsa na ajiye aiki ƙarami ne ƙwarai. Ma'aunin da na auna gurguzu da shi, da shi nake auna waɗannan, kuma sun faɗi.

Amma ga inda hanyoyin suka rabu. Inda masu ba da aiki suke da yawa, kuma kotu da jarida ba a hannunsu kaɗai suke ba, ma'aikaci yana da wurin tsayawa ya yi faɗa. Awa takwas a rana, hutun mako, fansho, haramcin aikin ƙananan yara, babu wanda attajirai suka bayar don tausayi, ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ƙwato su da jini, tun daga zanga-zangar Chicago ta 1886 wadda ake tunawa da ita kowace ranar 1 ga Mayu. Sun iya ƙwatowa ne domin sun sami damar cewa ba za mu yi ba. Wannan damar ita ce tsarin jam'iyya ɗaya ya fara ƙwacewa a duk inda ya kafu. Ko a ƙasar Sin, manoma 18 na ƙauyen Xiaogang a ɓoye suka dangwala hannu a 1978 don raba gonar gandu kowa ya noma tasa, suna sane cewa abin zai iya kai su kurkuku.

Abin da nake so matasan nan su mayar da fushinsu a kai yana nan a raye yau, wato tsarin kafala a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda zaman baƙon ma'aikaci ya rataya a wuyan ubangida ɗaya, kuma sau da yawa fasfonsa ma yana hannun ubangidan. Ƙatar ta soke takardar izinin fita ga yawancin ma'aikata a 2018, a 2020 kuma ta soke sharaɗin neman amincewar ubangida kafin sauya aiki. Gyara ne mai kyau a rubuce, sai dai ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna ci gaba da ba da rahoton riƙe albashi da ƙwace fasfo a yankin, musamman ga mata masu aikatau a gidaje, waɗanda sufetan ƙwadago ba ya shiga inda suke.