Malamin Turanci a Ƙasar Wasu: Fasfo Ake Aunawa Kafin Ilimi

Tun da na dawo gida, da wuya mako ya wuce ba tare da wani matashi da ya kammala digirinsa na Turanci ya aiko mini da saƙo ba, yana tambayar hanyar da zai bi ya tafi koyarwa a ƙasar waje. Yawancinsu hotuna suka gani a Facebook, malami tsaye a gaban ɗalibai cikin aji mai na'urar sanyaya ɗaki, sai kuma hotunan yawon buɗe ido a lokacin hutu. Ba na hana kowa neman arzikinsa, domin ni ma nema ne ya fitar da ni, har na yi shekara huɗu, daga 2015 zuwa 2019, ina koyar da Turanci a shirin share fage na wata jami'a a Saudiyya. Sai dai ina ganin nauyi ne a wuyana in bayyana yadda kwanakin wannan aiki suke gudana, da abin da ya fi ci mini rai a cikinsa, wato yadda ake duba fasfon malami kafin a dubi abin da ke cikin kansa.

Makon aiki a can yana farawa ran Lahadi ya ƙare ran Alhamis, tun da ƙasar ta mayar da hutun mako zuwa Juma'a da Asabar a 2013. Ana idar da sallar asuba ba da jimawa ba motar kamfani za ta tsaya a ƙofar masaukinmu, ta kwashe mu zuwa jami'a. Na ce motar kamfani, domin jami'ar ba ita ta ɗauke mu kai tsaye ba, wani kamfanin kwangila ne ya ɗauko mu ya kawo mata, kuma shi ne yake biyan albashi, shi yake ba da ɗakin kwana, shi yake riƙe da al'amarin takardar zama. Ɗalibanmu samari ne da suka fito daga sakandare, waɗanda dole su ci jarrabawar Turanci kafin a bar su su shiga karatun likitanci ko injiniya. An riga an tsara littafin da za a karanta da shafukan da za a kai kowane mako, saboda haka malami ba shi da damar tsayawa inda ya ga ɗalibai sun kasa, ko da kuwa ya tabbata rabin ajin an bar su a baya. Bayan darasi sai kiran suna da duba takardu da cike rahotanni, sannan a jira motar komawa ko da mutum ya gama aikinsa tun azahar.

Duk da haka, cikin ajin nan ne na fi samun natsuwa. Larabci ba shi da sautin p, shi ya sa ɗalibi Balarabe yake mayar da shi b, kamar yadda mu Hausawa muke cakuɗa shi da f. Ni da na sha wannan wahala ina yaro, na san inda harshe yake sarƙewa, na san yadda ake haɗa leɓɓa a saki iska, na kuma san kunyar da take kama yaro idan aka yi masa dariya a gaban tsaransa. Haka nan ƙa'idojin nahawu, ni sai da na zauna na haddace su ɗaya bayan ɗaya, don haka idan ɗalibi ya tambayi dalili ina da amsar da zan ba shi. Wanda ya sha harshe a nono ya san daidai da kuskure a kunnensa, amma sau da yawa bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba. Koyarwa sana'a ce da ake koyo, kuma iya magana da harshe kaɗai ba ya mayar da mutum malami.

A ɗakin malamai aka nuna mini cewa masu ɗaukar aiki ba haka suke kallon lamarin ba. Muna da Amurkawa da 'yan Ingila da 'yan Afirka ta Kudu, ga Sudanawa da Misirawa da 'yan Pakistan, sai mu 'yan Najeriya ƙalilan. An gargaɗe mu kada mu tattauna albashi a tsakaninmu, amma zama tare ba ya barin asiri. Akwai wani dattijo Basudane mai digiri na biyu a fannin koyar da harshe, wanda ya fi shekara ashirin yana aji, muka gano cewa albashinsa bai kai na wani saurayi da ya karanta wani fanni dabam, ya yi kwas na wata ɗaya, ya zo da fasfon ƙasar Turawa ba. Aji iri ɗaya suke shiga, littafi ɗaya suke karantarwa, awoyinsu ɗaya. Kuma duk ranar da ɗalibi ya yi wa saurayin tambayar nahawu da ta gagare shi, wurin dattijon yake zuwa ya ce, Ustaz, taimaka mini. Ba na ganin laifin saurayin, domin yaro ne mai ladabi kuma ba shi ya tsara jadawalin albashi ba. Tsarin ne nake kira zalunci, kuma ina ganin bai kamata a riƙa lulluɓe shi da sunan buƙatar kasuwa ba.

A wasu ƙasashen ma doka ce ta rubuta wannan bambanci. Wasu daga cikin abokan aikina sun yi koyarwa a Koriya ta Kudu kafin su zo, inda bizar koyar da Turanci da ake kira E-2 aka gina ta a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayaland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, alhali da Turanci ake gudanar da gwamnatinta da kotunanta da jami'o'inta, kuma ɗanta, Wole Soyinka, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, da rubutun da ya yi da Turanci. Gana ba ta ciki, Kenya ba ta ciki. Idan malami Bahaushe mai digiri uku ya nemi wannan aiki, ba ma za a kai ga sauraron lafazinsa ba, launin fasfonsa ya riga ya amsa masa.

To amma waɗanda aka fifita ɗin ma ba a kan gadon zinare suke kwana ba. Sun ba ni labarin makarantun kuɗi na bayan tashi da ake kira hagwon, inda malami yake shiga aji da rana ya fito ƙarfe goma na dare, yana fama da yaran da suka riga suka gaji da karatun safe. Koriya ƙasa ce da ta ɗauki Turanci da muhimmancin da ya kai ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama a lokacin da ake yin sashen sauraro na babbar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba, don kada ƙara ta dami ɗalibai. Wannan matsi a kan malami yake saukowa, domin iyaye su ne masu biya, kuma ƙorafin uwa ɗaya yana iya girgiza kwangilar mutum. Da yake ɗakin kwana da biza duk a hannun mai makaranta suke, saɓani guda yana iya raba mutum da aiki da muhalli da izinin zama a rana ɗaya, har ya zama sananne a tsakaninsu cewa wani yakan tattara kayansa cikin dare ya nufi filin jirgi ba tare da sallama ba.

A Japan, shirin gwamnati na ɗauko malaman Turanci daga waje, mai suna JET, da aka fara a 1987 ya fi tsari da mutunta kwangila, amma a matsayin mataimaki ake ɗaukar baƙon, kuma da yawa suna kukan cewa aikinsu bai wuce karanta jumla yara su maimaita ba. Lokacin da babban kamfanin makarantun harshe na NOVA ya durƙushe a 2007, dubban malamai baƙi sun wayi gari ba albashi, wasunsu har ɗakin kwana ya kuɓuce musu. A Sin kuwa, dokar da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2021 ta hana cin riba da darussan bayan makaranta, ta kuma toshe hanyar malaman da suke koyar da yara ta intanet daga ƙasashen waje, sana'ar mutane masu ɗimbin yawa ta rushe cikin 'yan makonni.

Mu a Saudiyya, kalmomin da suke mulkin rayuwarmu su ne kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zaman baƙo, da iƙama, wato takardar zama. A shekarun da na yi, mutum ba ya fita ƙasar sai kafilinsa ya ba shi bizar fita da dawowa, ba ya kuma sauya wurin aiki sai da yardarsa. An sassauta wasu daga cikin waɗannan ƙa'idoji a watan Maris na 2021, bayan na dawo, kuma na yi murna da hakan saboda waɗanda na baro. Ranar da Baffana ya rasu, wanda a hannunsa na tashi, da asuba aka kira ni, aka kai shi makwancinsa kafin azahar kamar yadda addini ya tanada. Na nemi izinin zuwa ko da zaman makoki ne, aka ce ana tsakiyar zango kuma babu wanda zai riƙe mini aji. Na karɓi gaisuwa ta waya, na wanke fuskata, na shiga aji na koyar da darasin ranar. Wannan rana ba ta fita daga zuciyata ba har yau.

Batun iyali ma wani nauyi ne. Daga watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da baƙo ya ajiye a ƙarƙashin iƙamarsa, kuɗin yana ƙaruwa da riyal 100 kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Na ga malamai masu 'ya'ya huɗu da biyar sun yi lissafi, sun raka matansu da yaransu filin jirgi, sun dawo ɗaki su kaɗai. Daga nan tarbiyya ta koma ta kiran bidiyo, uba yana tambayar hadda ta waya, yaro yana girma da sanin muryarsa fiye da zamansa. Dare shi ya fi tsawo a rayuwar malamin ci-rani, bayan an gama duba takardu an ci abin da aka dafa, ba maƙwabci ba majalisa.

Dole in faɗi alherin da na samu, domin ɓoye shi butulci ne. Na yi Umara sau da dama a hutun mako, abin da iyayena suka yi ta tarin shekaru kafin su samu sau ɗaya. A Makka da Jidda akwai Hausawan da kakanninsu suka je tun zamanin tafiyar ƙasa, a wurinsu nakan ji harshena in ci tuwo. Na gina ɗaki a gida da gumin wannan aiki. Kuma akwai ɗaliban da har yanzu suke aiko mini da gaisuwar Sallah, suna kirana Ustaz.

Zaman can ya kuma tuna mini da wani abu a nan gida. Bayan an ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai ɗaya a 1976, makarantun Arewa sun cika da malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana. Malamin da ya fara sa mini son Turanci mutumin Gana ne, kuma a iya zamansa da mu ban taɓa tunanin inda iyalinsa suke ba, ko abin da yake ci idan ya koma ɗakinsa. A farkon 1983, da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar ƙasar, 'yan Gana da yawa suka tafi, shi ma bai daɗe ba ya bi su, ba mu ko yi sallama ba. Sai da na zama baƙo a ƙasar wasu na fahimci abin da bawan Allah nan ya ɗauka a ransa yana tsaye a gaban allonmu.

Saboda haka, ƙannena masu aiko mini da saƙo, ban ce kada ku tafi ba. Ku nemi takardar shaidar koyarwa da duniya ta sani, irin CELTA ta Cambridge, wadda ake koyar da ɗalibai na gaske a cikinta ana duba mutum, domin ita ce takan sa a saurari mai fasfo irin namu. Kada ku ba dillali kuɗi a kan alkawarin baki, kada kuma ku yarda ku shiga wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido bisa cewa za a gyara takardu daga baya, domin ranar da jami'an shige da fice suka zo, malami ake kamawa. Ku karɓi kwangilar a rubuce tun kuna gida, ku kai wa wanda ya taɓa yin aikin ya karanta muku, ku ga wanda zai biya tikiti da ɗaki da magani, da adadin awoyin aji a mako. Ku tambaya a fili ko fasfonku zai zauna a hannunku, sannan ku nemi a rubuta muku kwana nawa za a ba ku idan aka yi muku rasuwa a gida.