A bar ɗan aiken AI ya ga zanensa, amma kada a bar masa sa hannu

Masu aikin zane da ɗab'i na Sakkwato, da ku nake yau. Muhawara ta taso a tsakaninmu kan 'yan aiken nan na ƙirƙirarriyar basira, wato AI, waɗanda ake shigarwa cikin manhajar zane su yi aiki da kansu: a bar su su ga abin da suka zana, ko a tsaya kan tura musu umarni kawai? Ni dai na ce a bar su su gani. Amma akwai inda zan ja daga.

Da farko ɗan aiken ba ya ganin komai. Umarni yake turawa: sa wannan rubutu a nan, girmansa kaza, launinsa kore. Manhaja ta amsa masa da cewa an yi, shi kuma ya dawo ya ce maka aiki ya kammala. Ko sunan ango ya hau kan fuskar amarya, ko layin ƙarshe ya faɗa wajen kati, bai sani ba, domin a lissafinsa komai daidai yake. Tela ne aka ɗaure wa ido aka miƙa masa shadda da almakashi. A watan Oktoban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da hanyar da Claude, wato AI ɗin kamfanin, zai riƙa ɗaukar hoton allon kwamfuta yana duba shi kafin ya latsa wani abu, a Nuwamba kuma ya saki tsarin MCP, wanda da shi aka yi ta haɗa irin waɗannan 'yan aike da manhajojin zane kamar Blender da Figma a 2025. Yanzu sai ya zana, ya ɗauki hoto, ya duba, ya gyara, ya sake dubawa.

Mu masu rubuta Hausa mun fi kowa buƙatar wannan ido. Duk wanda ya taɓa zama gaban CorelDraw ya san wahalar ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin samfuran haruffa masu kyau ba su da su. Ka rubuta Ƙofar Atiƙu a matsayin wurin ɗaurin aure, a cikin fayil kalmar lafiya lau take, amma a kan allo akwati biyu ne suka zauna inda ƙugiya ya kamata ta fito. Ɗan aiken da ba ya gani ba zai taɓa kama wannan ba. Haka Larabci. Harafinsa na sauya siffa gwargwadon inda ya faɗa a kalma, kuma daga dama yake tafiya. A tsohon Photoshop, in ba a kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya ba, sai Bisimilla ta fito a wargaje, haruffa a rarrabe, ta fara daga hagu. A garin da kusan kowane katin walimar sauka da kowace banar Mauludi da aya suke buɗewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ga amfanin idon a wani shago da ke Mabera. Wani matashi yana haɗa katin sauka, ɗan aiken ya duba hoton, ya ce harafin farko na sunan unguwa ya fito akwati, ya sauya samfurin haruffa, ya matsar da lambar waya da ta kusa faɗawa bakin yanka. Wallahi abin ya burge ni. Sai mai katin, wani dattijo, ya sa tabarau ya sunkuya kan allon, ya bi ayar da yatsa a hankali, ya tsaya.

"Ɗana, wagga aya ba haka take ba."

"Baba, ai na'ura ta duba."

Wannan amsa ita ce ta sa na yi rubutun nan. Ɗan aiken ya duba da gaske, sai dai da idon da aka horar a kan abin da ya fi yawa a intanet, kuma rubutunmu na makarantar allo ba ya cikin masu yawa. A rubutun Warash da muka tashi da shi, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a samanta. A bugun Gabas, ɗigo ɗaya a sama fa ce. Idon da ya saba da na Gabas zai iya ɗaukar ƙaf ɗinmu a matsayin fa, ko ya ga daidai ya ce kuskure ne ya gyara. Ajami kuwa sai abin da ya yi gaba. Ƙari a kan haka, sau da yawa ana rage girman hoton kafin ya isa wurinsa, kuma abin da ke fara ɓacewa su ne ɗigo da wasali da ƙugiya, wato ainihin inda ma'anarmu take zaune.

Sannan allon kwamfuta kawai ɗan aiken yake gani. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuma da tawada huɗu. Koren da ke walƙiya a kwamfuta a dushe yake fitowa kan takarda. Bai san yadda ranar Afrilu mai wuce maki 40 ke cinye jar bana ba, bai san cewa mai karanta ta a kan kabu-kabu yake, yana wucewa ta shataletale a guje. Wannan ilimin mai shago ne.

Sai batun amana, wanda ba na jin ana tattauna shi. A yawancin waɗannan tsare-tsare, duk lokacin da ɗan aiken ya duba, hoton allonka ne ya tafi kwamfutocin wani kamfani a waje. Me ke kan allon? Fuskar amaryar da iyayenta suka kawo hoto don kalanda da sitika, sunayen dangi, lambobin waya. Akwai gidajen da ko a Facebook ba su yarda hoton 'yarsu ya fita ba. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma kafin doka akwai kunyar wanda ya yarda da kai. Ka tambayi mai aiki tukuna. In ya ƙi, ka sa hoton wucin gadi har a gama tsara kati, sannan ka ɗora na gaskiya da hannunka.

Abin da nake nema wurin masu ƙera waɗannan manhajoji shi ne su nuna mana ainihin hoton da ɗan aiken ya duba, su kuma koya masa ya ce ban iya tabbatar da wannan rubutu ba, maimakon an duba, komai daidai. Mu kuma namu: duk aikin da ke ɗauke da aya, malami ya karanta shi a kan takardar gwaji kafin inji ya tashi. Ɗalibanmu na sashen kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku zo shagunanmu ku tattara katunan da suka lalace, masu akwati da masu wargajajjen Larabci, ku jarraba waɗannan 'yan aike da su, ku faɗa mana wanne ke kama kuskuren, wanne ke wucewa. Ni nawa suna nan cikin kwali, duk mai so ya yi magana a ƙasa.