Wai Hausa ce ta kayar da yaranmu a WAEC

To madalla, an kama ɓarawon. Shekara da shekaru muna cigiyar abin da ya kashe makarantun gwamnati, ashe yana cikin bakinmu muna yawo da shi. Harshen uwa ne. Sannu da aiki, ranka ya daɗe minista.

Kun dai ji abin da ministan ilimi Tunji Alausa ya tsaya ya faɗa a Abuja cikin Nuwamban 2025, a taron da British Council ta shirya. An soke koyarwa da harshen uwa, Turanci za a yi tun daga rabin aji har jami'a, wai saboda yankunan da suka rungumi harshensu su ne ke shan ƙasa a WAEC da NECO da JAMB. Na yi shiru da maganar nan tsawon lokaci don kar a ce na cika surutu. Jiya na je ɗauko 'yar ƙanena daga makaranta, abin da na gani ya sa shirun ya ƙare.

Tambayata ɗaya ce, kuma ita zan yi ta yi har ku gaji: yaushe aka koyar da Hausar?

A ƙarshen 2022 majalisar zartarwa ta amince da tsarin, zamanin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, cewa yaro ya yi shekara shida na firamare da harshen da ya tashi da shi. Shi kansa Adamun ya faɗa a lokacin cewa sai an tanadi littattafai da malamai kafin abin ya kankama. To ku ƙirga da yatsu. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, aji uku yake ranar da aka soke tsarin. Sai 2035 zai ga takardar WAEC da idonsa, in Allah ya kai mu. Ta ina ya faɗi jarrabawar da bai zauna ba? Waɗanda suka faɗi a 2024 da 2025 kuwa suna sakandare lokacin da aka sa wa takardar hannu. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san wani zai taso a ƙasa ya ce ai tun manufar ilimi ta 1977 aka rubuta a fara da harshen uwa a shekarun farko. Eh, an rubuta. Tsarin mulki ma ya rubuta gwamnati za ta yi ƙoƙarin ba da ilimi kyauta. Ɗan uwa, ka nuna mini littafin lissafi na aji biyar da gwamnati ta buga da Hausa ta raba a ƙauyenku. Guda ɗaya kawai. Ka kawo shi, ni kuma in goge rubutun nan in ba ka haƙuri a bainar jama'a.

Ga abin da na gani jiya. Na isa kafin a tashi, na tsaya jikin taga, tagar da ba ta da murfi. Yara maƙil a ƙasa, wasu kan buhu, wasu kan takalmansu, na ƙarshe har bakin ƙofa suna leƙe. Malama ta rubuta jimla ɗaya da Turanci a allon da ya yi fari fat don tsufa. Ta faɗa, su amsa. Ta faɗa, su amsa, da ƙarfi kamar rufin zai yaye. A hanya na ce wa yarinyar, Ummi, me kuka karanta yau? Ta rero mini tsaf. Na ce me yake nufi? Ta yi dariya ta ce, Baffa, ai Turanci ne. Wato a wurinta Turanci wani abu ne da ake rerawa, ba a tambayar ma'anarsa. Yarinyar da in ka aike ta da dubu ɗaya sayen magi da gishiri da attaruhu, za ta lissafa maka canjinka kafin mai shago ya danna na'urarsa.

Wannan ajin shi ake cewa Hausa ta lalata. Ajin da ba a koyar da Hausa, ba a koyar da Turanci, haddar ƙara kawai ake yi.

Masu cewa duniya ta ci gaba, intanet Turanci ne, aiki Turanci ne: wa ya ce kar a koyi Turanci? Ni da nake rubutun nan da shi nake cin abinci. A koyar da shi a matsayin darasi, a samo wanda ya iya ya koyar. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife tun 1970, aka koyar da yara komai da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma darasi ne a hannun ƙwararru. Yaran ba su mutu ba, ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Ɗan ƙasar nan ne ya yi, a ƙasar nan. Amma mu sai an faɗa mana a otal da lemo a kan tebur muke yarda.

Kuma wa zai koyar da Turancin? A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi. Mun yi ta musu kan korar da El-Rufa'i ya yi musu, amma adadin yana nan. Malamin da jiya yake fassara wa yara da Hausa don su ɗan tsinci wani abu, yau an ce masa ya daina. Da sanarwa za a zuba masa Turancin a ka?

Wallahi ba malaman nake zargi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Iyaye da yawa suka kwaso yaransu daga makarantun kuɗi suka mayar na gwamnati, ajin da ya cika ya ƙara tumbatsa. An ce mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, amma a Abuja kanta, a hancin ma'aikatar ilimi, malaman firamare sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kafin a kula su. Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ku tambayi shugaban ƙaramar hukumarku ko shi ke riƙe da asusun. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, na jibge saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Duk waɗannan gyara ne mai cin kuɗi da faɗa da gwamnoni. Soke harshe kuwa kyauta ne, makirfo kawai ake buƙata.

Shi ya sa kowane minista da tasa waƙar. Tahir Mamman ya ce sai ɗan 18 zai shiga jami'a, Alausa ya zo ya ce 16. Adamu ya ce harshen uwa, Alausa ya ce Turanci. Na gaba zai zo da tasa, Ummi na nan zaune a kan buhu tana jiran kowa. Kuma ba wanda zai amsa tambayar: yaushe aka koyar da Hausar da har ta yi laifi?

Af, kafin in manta. Mun yi magana da iyaye uku a bakin makarantar, za mu haɗa a yi benci ko goma ne ga ajin su Ummi. Kafintan unguwarmu ya yanka kuɗin da sai da na cire hula na shafa kai, wai katako ya yi tsada. In akwai wanda ya san kafinta mai tsoron Allah, wanda ba zai karɓi kuɗin somin aiki ya kashe waya ba, ya yi mini magana ta ciki. Na baya har yau yana riƙe da ƙofar kicin ɗina tun kafin azumi.