Wa zai rubuta labarin maraya ɗan shekara 15?

Idan aka yi rasuwa a Tudun Wada ko Rigasa, kowa ya san wurin zamansa. Maza na waje kan tabarma, mata na cikin gida, mai takaba ta shiga wata huɗu da kwana goma. Wanda ba shi da gurbi shi ne ɗan mamacin, mai shekara 15. A dafa kafaɗarsa a ce "sai haƙuri, yanzu kai ne babba", can kuma a aike shi sayo ruwan baƙi. Bayan arba'in a raba gado, yaran ma a raba su: wannan ya tafi Zariya wajen baffa, ƙanwarsa daga baya ta bi uwa gidan wani miji ta zama agola.

A ganina marubutanmu sun yi sakaci da wannan yaro. Tun shekarun 1980 mata marubuta ke tona zancen saki da kishi da auren dole a littattafan Hausa, kuma sun cancanci jinjina. Sai dai kusan kullum da idon matar gida ake kallon rikicin. Yarinyar da ke bayan labule tana jin iyayenta na sa-in-sa, wadda gobe za ta je makaranta ta ɓoye wa ƙawarta cewa an saki uwarta, da wuya a ba ta baki. Ga shi kuwa sa'o'inta ne ke kwana kan waya suna bin labarai a WhatsApp da Wattpad, inda aka fi ciyar da su da tatsuniyar attajiri da 'yar talaka.

Mu a Kaduna abin ya fi ciwo, don har abota an yanka mana. Rikicin 2000 da na 2002 sun mai da kogin Kaduna iyaka, wasu suka kwashe kaya zuwa Kawo da Rigasa, wasu Sabon Tasha da Narayi, abokan aji ɗaya suka rabu ko sallama babu. Ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, ga bom ɗin da jirgin soja ya jefa wa masu Maulidi a Tudun Biri a Disambar 2023, ga ɗaliban Kuriga da aka kwashe a Maris 2024. Jarida kan ƙirga mutane ta wuce. Yadda yaron da ya dawo daga daji zai sake zama benci ɗaya da amininsa, shi ya kasa magana, aminin ya rasa abin faɗi, wannan sai ƙagaggen labari ke iya bin sa a hankali.

Na san masu cewa tono baƙin ciki ƙarancin tawakkali ne, kuma yaro zai fi saurin mantawa idan aka ƙyale shi. Ban yarda ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Yaro ba ya mantawa. Shiru yake yi, shirun ya fito a faɗuwa jarrabawa, ko faɗa, ko shaye-shaye.

Fargabata ɗaya ce, kada marubuci ya mai da littafin mumbari. Matashi na jin ƙamshin wa'azi zai ajiye. A bar jarumin ya yi fushi da mahaifin da ya tafi, ya yi wa abokinsa rashin mutunci, ya ji kunyar neman gafara, sulhun ma ya zo da tabo.

Hanya kuwa akwai ta. Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016, ta nuna cewa idan an buɗe fage alƙaluma na fitowa, kuma garin nan ya karɓi bikin littattafai na KABAFEST tun 2017. Ina roƙon masu shirya irin waɗannan su ware rukunin labaran matasa da Hausa, ma'aikatar ilimi ta jiha kuma ta sayi waɗanda suka yi fice ta kai makarantun sakandare, a fara da na Kuriga.