Yaran da suka baro ƙauye da gudu, ina waƙarsu?

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na raka ɗan yayata wani ɗan situdiyo a wajejen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ɗaki ne guda an manna katifar soso a bango, kwamfuta ɗaya, fiyano ɗaya, janareto na ta ruri a waje. Abokinshi ne zai ɗora waƙa. Yaron bai wuce shekara ashirin da biyu ba, kuma wallahi Allah ya ba shi murya, amma da ya fara sai na ji abin da na saba ji, zuciya da hawaye da furanni, irin wadda in ka ji guda ka ji ɗari. Da aka tsaya shan ruwa muka taɓa hira, ashe daga wani ƙauye yake ta wajen Batsari, shekara ukku ke nan da suka baro shi cikin dare saboda 'yan bindiga, an ƙone masu rumbu an kore shanun huɗa. Na ce to kai da ka ga wannan da idonka, ba ka taɓa yi mashi waƙa ba? Ya yi shiru, can ya ce "Kawu, wa zai saya?" Sai ya ciro waya ya kunna mani wata da ya ɗauka shi kaɗai ba kiɗa. A ciki akwai wurin da yake faɗin yadda mahaifiyarshi ta riƙa shafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya a cikin duhun gona tana ƙirga ko sun cika, don ba halin kunna tocila ba halin kiran suna. Har yau abin bai bar kaina ba.

Ni a ganina waccan ta cikin waya ita ce waƙarshi, wadda ya biya kuɗin situdiyo a kanta aro ce. Kuma duk wanda sunanshi ya daɗe a ƙasar nan, in ka bi sawu za ka tarar abin da ya taka da ƙafarshi ne ya riƙe shi.

Ɗauki Mamman Shata. An haife shi a Musawa, Bafulatani ne, gidansu ba gidan kiɗa ba ne, mahaifinshi ma bai so ya yi waƙa ba don a wurinsu roƙo ne. Tallan goro da alewa ya fara, kasuwa zuwa kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa talla ya san sai ka iya tsayar da mai wucewa da baki kafin ka ci abinci. Shi ya sa waƙoƙinshi suka cika da direbobi da 'yan kasuwa da mutanen tasha, ga jero sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya kamar kana cikin motar tare da shi, don hanyoyin nan ya bi su, ya kwana a cikinsu. Bai ɓoye ƙuruciyarshi ba, ya yi waƙar shaye-shaye lokacin da yake cikinta, ya kuma yi yabon Manzon Allah (SAW), duka mutum ɗaya ne a matakan rayuwa daban-daban. Ko yabon sarakai da ake cewa ai don kuɗi ne, dubi tsakaninshi da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amana ce ta shekaru, har da ya rasu a 1999 Daura aka kai shi aka rufe. Mutumin da bai yi boko ba Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Barmani Choge ta Funtua kuma fa? Kiɗan ƙwarya ne kawai, amada, abin da mata ke yi a cikin gida ranar biki ko suna. Amma ta san kishi, ta san naƙuda, ta san baƙin cikin macen da sai ta miƙa hannu kafin ta sayi sabulu, shi ya sa da ta ce mata su kama sana'a ba su ji kamar wa'azi ake masu daga sama ba, 'yar uwarsu ce ke magana. Na tuna muna yara in aka sa kaset ɗinta iyayenmu mata har ajiye tsintsiya suke. Ta rasu a 2013 amma je gidan biki yau ka gani. Ɗan Maraya Jos ma sunanshi kaɗai ya isa bayani, maraya ne, da ɗan kuntiginshi ya tsaya wajen karen mota da talaka.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wa da ƙane, kuma a nan Katsina suka yi rubutun. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya, Malam Bello Kagara da ƙanenshi Abubakar Imam duk sun shiga, duk sun yi nasara. Yayan ya yi wayo lokacin da Turawa ke cin ƙasar nan da yaƙi, sai ya rubuta Ganɗoki, labarin jarumin da ya tsaya ya yi faɗa da su. Ƙanen an haife shi a 1911 bayan ƙura ta lafa, ya tashi tsakanin zauren malamai da ajin boko, sai ya rubuta Ruwan Bagaja, yawon duniya da dabara da wasa da hankali. Gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, shekara kusan ashirin da ke tsakaninsu ce ta raba masu alƙalami.

Na san wani zai ce to ai Shata ya yi waƙar kumbon Apollo kuma bai je wata ba, Imam ma ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na wasu ƙasashe. Gaskiya ne, ban ce mawaƙi sai ya faɗi tarihinshi kawai ba, ban kuma ce a daina waƙar soyayya ba, yaron nan ma yana da wadda yake so, haƙƙinshi ne. Amma ko soyayyar ai akwai tashi. Saurayin da aka ɗaga bikinshi don an sayar da gonar da za a yi lefe an biya kuɗin fansa, in ya yi waƙar soyayya daga nan, wa zai ce aro ce? Imam da ya aro labari sai da ya sa mashi riga da hula ya zaunar da shi a fadar da ya sani.

Maganar "wa zai saya" kuma ba zan raina ta ba, don yunwa ma rayuwa ce, ita ma tana juya waƙa. Yau kuɗin na wajen 'yan siyasa da masu biki, waƙa ɗaya ta kamfen za ta iya biya ma yaro hayar shekara, wa zai ce mashi kar ya karɓa alhali ƙannenshi na kwana a kango? Ga tsoro kuma, yana da dangi a can har yanzu, infoma sun yi yawa, kalma ɗaya za ta iya jawo ma wani bala'i. To amma laifin da nike gani namu ne mu masu saurare, da gidajen rediyo, da masu kuɗin da za su watsa dubbai a kan mawaƙi don ya ambaci sunansu amma ba za su biya ma yaro awa biyu a situdiyo ya faɗi abin da ya faru da garinsu ba. Daga Jibiya zuwa Safana, Ɗanmusa, Faskari, har Ƙanƙara inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020, mutane nawa ne ke yawo da irin wannan a ƙirji? In 'yan shekaru suka wuce jikokinmu suka tambaya yaya aka ji a lokacin, rahoton labarai zai ba su adadi, amma hannun uwa a kan 'ya'yanta cikin duhu ba ya cikin rahoto.

Kafin mu rabu na roƙe shi kar ya goge ta, na ce ba sai ya kama sunan gari ko na kowa ba, kuma in ya shirya ni zan biya kuɗin ɗaukar. Ya juya wayar a hannu ya ce "Kawu, bari in fara tambayar Inna, don labarinta ne." Na ba shi lambata, ina jiran kiranshi.