Jikan ɗan Bama a filin harbi

Kakana ya yi yaƙin Bama (Burma) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo da lambar yabo ɗaya da labari buhu guda. Kowane labari sai bindigarsa Mak-fo ta shigo ciki: wai in ka auna sauro da ita, sai dai ka zaɓi idon da kake so. Da wannan na tashi, da shi kuma na cika wa 'yan kwas ɗinmu kunne lokacin da aka ɗauke mu aikin gadin gandun daji. Harbi ai gado ne a gidanmu.

Ranar gwaji aka fito mana da bindigogi. Mak-fo ɗin ce dai, wato Lee-Enfield, mai cin harsashi goma, irin wadda Ingila ta raba wa su Kaka. Tawa an buga mata 1943 a jiki, katakon ya tsage an ɗaure da waya. Na zare sakata na leƙa cikin bututun, duhu da tsatsa kamar tsohuwar rijiya. Harsasan kuwa, masu lamba .303, duk sun yi kore-kore a gindi.

Saje ya yi bayani cewa an daidaita ramin saitin ne a kan yadi 300, mu kuma allonmu na yadi 100, saboda haka a auna ƙasa kaɗan. Ban saurara ba. Wa zai koya wa ɗan kada iyo?

Kowa biyar aka ba shi. Na farko ya tayar da ƙura can saman tudu. Na biyu ya sauko da reshen aduwa. A na uku na ja kunama, sai na ji ƙyas, shiru. Na ɗago kai na ce, "Oga, ta ƙi..." Ban rufe baki ba ta tashi. Gindinta ya zame daga kafaɗata ya same ni a leɓe, hulata ta yi gabas.

Saje ya tako a hankali, ya tsaya a kaina. "Kurtu, harsashin nan ya girmi babanka. Sai ya yi tari, ya lalubi sandarsa, sannan ya fita. In ka ji shiru ka bar bakinta a kan allo, ka ƙirga talatin."

Sauran biyun ido a rufe na sake su, ina salati.

Da aka je duba alluna, nawa fes, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Na yaron da ke damana, wanda bai taɓa riƙe ko danƙo ba, huda bakwai, biyu a tsakiyar baƙin. Saje ya ƙirga sau biyu, ya dube shi, ya dubi leɓena, ya rubuta masa na ɗaya.

Da daddare yaron ya kawo mini tsire na godiya. Ban iya taunawa ba, shi ya cinye a gabana.