Hotunan zamanin Turawa da kuke yaɗawa talla ce

Na gaji da ganin hotunan nan. Tun shekaranjiya ake ta wullo min su a WhatsApp da nan Facebook, kowa ya ɗora nasa kukan a ƙasa: "Allah sarki zamanin Turawa, lokacin da komai yake da tsari." Kun san waɗanda nake nufi. Otal mai doguwar baranda da fararen kujeru, keken doki mai ɗaukar wasiƙu da dawakansa a jere, sai kwalaben magani masu rubutu mai ado. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ɗan'uwan da ya jera kwalbar maganin Bature kusa da hoton mai maganin tasha, ya rubuta wai mu ga bambancin masu gaskiya da 'yan damfara. Kuma masu digiri ne ke tururuwar yaba masa.

Jama'a, talla ce. Duk abin da ke cikin hotunan nan talla ce. Mai otal ne ya biya aka zana masa otal ɗinsa, mai keken doki ya biya aka buga masa jadawalin tafiya, mai magani ya biya aka yi wa kwalbarsa kirari. Sau da yawa ma a shafi ɗaya na jarida ake jera su. Ku kuma kun ɗauko abin da ɗan kasuwa ya faɗa a kan hajarsa shekara ɗari da wani abu da suka wuce kuna karanta mana shi kamar shaidar da aka bayar gaban alƙali. Yaushe mai talla ya taɓa kushe kayansa?

Bari in fara da kwalbar, don ita ce ta fi damuna, ita ce kuma ta ci rayuka.

Akwai wani ruwan magani da aka fara sayarwa a Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, Mrs. Winslow's Soothing Syrup, na jarirai masu fitar da haƙori. Ya yaɗu har Ingila. Ku dubi tallarsa da kyau: uwa ce a kishingiɗe cikin tufafi masu tsabta, yara masu ƙiba sun kewaye ta, kowa fuskarsa a sake. Abin da ke cikin kwalbar kuwa mofin ne, wato sinadari mai bugarwa da sa barci, da barasa. Yaro yana kuka, a ɗura masa cokali, ya yi shiru. Dole ya yi shiru, ai an bugar da shi ne. Wasu daga wannan barcin ba su farka ba. A 1911 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin jerin magungunan da ta kira masu kashe jarirai, kuma duk da haka aka ci gaba da sayar da shi shekaru bayan nan. Uwar da ta saya ba ta san me ta saya ba, domin na tsawon shekaru babu dokar da ta tilasta wa mai shi ya rubuta abin da ya zuba a ciki. Wannan ne ingancin da kuke kuka a kai?

Ga kuma Chlorodyne, wanda wani likitan sojan Ingila a Indiya, John Collis Browne, ya haɗa. Ya zama abokin tafiyar sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka, ana sha don zawo, don tari, don rashin barci. Mofin ne da kulorofom da ruwan wiwi a kwalba ɗaya. Yana tsayar da zawo, wannan gaskiya ne, amma mutane da yawa sun kamu da shi sun kasa bari, wasu sun sha ya wuce kima sun mutu.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na ƙwayoyin Beecham's Pills, masu kirarin cewa kowane kwali ya kai darajar gini ɗaya, wato sule 21. A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta sayi irin waɗannan magunguna ta kai ɗakin gwaji, ta buga sakamakon a littafin da ta kira Secret Remedies. Me aka samu a cikin Beecham's? Garin wani tsiro mai ɗaci dangin alobera, da citta, da sabulu. Shi ke nan. Ana sayar da kwali sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, kayan haɗin kuwa kuɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na kwabo ba, kusan anini kenan a lissafin kakanninmu. Maganin sa zawo ne kawai, amma takardar da ke naɗe da shi ta lissafo cututtuka tuli. Shi kuwa Thomas Holloway, mai ƙwaya da man shafawa, kafin rasuwarsa a 1883 yana kashe kusan fam 50,000 a shekara a kan talla kaɗai, cikin harsuna iri-iri, a jaridun ƙasashen da Ingila ke mulka. Da ribar ya gina kwalejin Royal Holloway da Sarauniya Biktoriya ta buɗe a 1886. Ginin yana nan har yau, mai kyau ne ƙwarai. Kuɗin marasa lafiya ne da aka sayar wa alkawari.

Kuma ku lura da kwabo ɗaya da rabin nan da ke kan sule. Harajin gwamnati ne. Ana manna wa kwali tambarin haraji, talaka ya ga tambarin hukuma ya ɗauka gwamnati ta gwada maganin ta amince da shi. Ba ta gwada komai ba, kasonta kawai ta karɓa. Haka aka yi ta tafiya har 1941, shekarar da Ingila ta soke harajin ta kuma wajabta rubuta abin da ke cikin magani a jikin kwalba. Amurka ta riga ta da dokar 1906, bayan wani ɗan jarida, Samuel Hopkins Adams, ya tona asirin sana'ar a mujallar Collier's a 1905. Wato su ma ba kyan hali ne ya hana su ba. 'Yan jarida ne suka yi bincike, likitoci suka yi gwaji, doka ta biyo baya da bulala.

To yanzu ku dawo tasha. Mota ce ta tsaya kusa da masu lodin Gusau, an ɗaure lasifika a kanta, an baje robobi a kan boneti, ruwan ciki ja-ja ko baƙi, babu suna babu kwanan wata. Murya tana ta zuba: basir mai tsiro da marar tsiro, shawara, sanyin mara, taifot, dattin ciki, ciwon baya, raunin mazakuta, duk roba ɗaya. Ku ɗauki tallar Holloway ku sa wani ya karanta muku ita da Hausa, ku gaya min inda suka bambanta. Duk kanwar ja ce. Ɗaya yana da injin ɗab'i da jiragen ruwan daula, ɗaya yana da lasifika da batirin mota. Shi ya sa haɗin hoton nan ya ɓata min rai: an ɗauki ɗan damfara mai kwat an ce shi ne mai gaskiya, don kawai kwalbarsa ta fi kyau.

Na san wani zai ce ina kare masu maganin tasha. Ban kare su ba, kuma ba zan kare su ba. Mu ma mun binne 'ya'ya saboda kwalba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka mutu a Najeriya bayan an ba su My Pikin, shi ma maganin haƙori ne, wanda aka samu gubar da ke lalata ƙoda a ciki. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya saboda ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. A 2018 sai da BBC ta nuna yadda kodin ke cin matasanmu kafin gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi. Ina faɗin waɗannan ne don ku gane abin da yarda da talla ke jawowa. Mutumin da ya ga zanen kwalbar 1890 ya ce "wannan shi ne magani na gaskiya", shi ne zai ji an ce "yana da lambar NAFDAC" a rediyo ya miƙa kuɗinsa, bai san cewa lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba ba su da illa ne a ɗan lokaci ba, ba shaidar suna warkar da abin da aka lissafa ba ce.

Keken dokin kuwa, ai ba ma a ƙasarmu aka ɗauki hotunan ba. Ɗaya na kamfanin Cobb & Co ne na Ostareliya, wanda Freeman Cobb da wasu Amurkawa uku suka kafa a Melbon a 1853 don jigilar masu haƙar zinariya, kuma kekensa na ƙarshe ya yi tafiya a Kwinsland a 1924. Ɗayan na Zeederberg ne, masu kai wasiƙu da fasinja daga Afirka ta Kudu zuwa Bulawayo, a Zimbabwe ta yau, da alfadarai, har jakunan dawa sun taɓa gwada ɗaurawa saboda cutar da ke kashe dawakai. A hoto kowa zaune yake tsaf da hularsa. A hanya kuwa ƙura ce da girgiza dare da rana, in an zo tudu ko taɓo fasinja ya sauko ya taka, wani lokaci ya tura. Kuma hanyar Bulawayo ɗin nan, ta cikin ƙasar da kamfanin Cecil Rhodes ya ƙwace daga ƙabilar Ndebele da bindiga a 1893 ta bi. Wannan ba ya cikin jadawalin da aka buga.

A nan Arewa kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da bayansa ma a wuraren da dogo bai kai ba, wa kuke tsammani yake ɗaukar jakar wasiƙa da akwatunan Joji da bahonsa na wanka? Kan mutum ne. Kakan wani ne a cikinku aka tsayar a ƙofar dagaci aka ɗora masa kaya, ya yi kwanaki yana tafiya a ƙasa. Shi ba a buga masa fosta ba.

Otal fa? Ku tambayi kanku ta wace ƙofa za ku shiga. A 1947, a Legas, otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki. Babban ma'aikaci ne a ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, ya zo aikin gwamnati tare da abokin aikinsa farar fata, an kama masa ɗaki da sunansa, amma da aka ga fuskarsa sai aka ce babu. Mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo. Sai da Legas ta ɗauki zafi, jaridu suka yi ca, kafin Gwamna Arthur Richards ya ba da umarnin daina wariyar launi a irin waɗannan wurare. In an yi wa mai wannan matsayi haka shekara 13 kacal kafin 'yancin kai, ni da kai fa? A Alƙahira, ranar 26 ga Janairun 1952, otal ɗin Shepheard's na cikin gine-ginen da masu zanga-zanga suka ƙona. Ba na murna da gobarar da ta ci rayuka, amma ku tambayi kanku me ya sa mutanen gari suka nufi wannan ginin.

Masu cewa ai sun kawo dogo da asibiti da makaranta, na ji, ba shi muke magana ba yau. Masu cewa yanzu mun fi lalacewa, wallahi na fi ku jin zafin halin da muke ciki. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ni ma ban ji daɗin bana ba. Amma ɓacin ran yau ba zai sa in karɓi tallar ɗan kasuwa in kira ta tarihi ba. In kuna son ku zagi shugabannin yau, ku zage su da laifinsu, yana da yawa, ba sai kun wanke wanda ya sayar wa uwa mofin ba.

Wani abu ma da ya faɗo min. Muna da tsofaffin bugun jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, muna da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ga Arewa House, ga sashen tarihi a Zariya da Kano da Sakkwato. Me zai hana wani ɗalibi mai neman abin rubutun digiri na biyu ya zauna ya bi tsofaffin jaridunmu shafi-shafi, ya tattara tallace-tallacen da ke ciki, ya ga me aka sayar wa iyayenmu, da wace irin Hausa aka sayar musu, nawa kuma suka biya? Waya mai kyamara ta isa a fara. In akwai malamin jami'a a cikin masu bina, don Allah Malam ka ba wani ɗalibinka wannan aikin, kuma in an gama a sa shi a intanet inda kowa zai iya karantawa.